In likita ya ce tumbin ɗan cikin ciki ƙarami ne

Zancen yau na masu ciki ne, amma mazansu su kasa kunne, don su ne ke biyan kuɗin mota.

A gidan likita akwai na'urar da ake kira ekogarafi, ko eko. Ana shafa wa mace mai a ciki, a goga na'urar, hoton ɗan ya fito kamar a telebijin. Da amo take aiki, ba ta ƙona kowa. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowace mai ciki ta yi eko sau ɗaya kafin sati 24.

Ɗa yana zaune cikin ruwan mahaifa, kuma yana haɗiyar ruwan. Shi ke cika tumbinsa. Daga wajen sati 14 likita yana ganin tumbin, baƙi kamar ƴar salka, a hannun hagu ƙarƙashin zuciya.

Wata rana likita ya duba, ya ga tumbin ƙarami, ko bai gan shi ba sam. Kada hankalin uwa ya tashi nan take. Tumbi yana cika, yana juyewa. Mai yiwuwa an tarar da shi babu kome. Shi ya sa likita ke cewa a dawo a sake dubawa. Sau da yawa a karo na biyu sai a ga tumbin daidai. Wadda ta ƙi dawowa don nisan hanya ko aikin gona, ita da likita duka sun zauna cikin duhu.

In an sake dubawa tumbin bai cika ba, akwai dalili. Ko faya ta tsiyaye, ruwan ya yi kaɗan, ko ɗan ba ya iya haɗiya. Wani kuma hanyar abincinsa ce ba ta kai tumbi ba, ta toshe a ƙirji kamar bakin buhu da aka ɗinke. Ana samun wannan ga jariri 1 cikin 2.500 zuwa 4.500. Tun da ba ya shan ruwan, ruwan yana taruwa. Cikin uwar ya yi girma da sauri, ta riƙa haki, maƙwabta su ce tagwaye ne.

Wannan mace kada ta haihu a ɗaki. Ta nemi babban asibiti tun kafin naƙuda: cibiyar uwa da yara ta Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ko asibitin haihuwa na Isaka Gazobi a Yamai. Da an haifi ɗan, ungozoma za ta zura ƴar roba ta bakinsa ko hancinsa. In ta wuce har tumbi, sai a ba shi nono. In ta tsaya wajen santimeta 10, hanyar a toshe take.

A nan kakanni su ji da kyau. Kafin gwajin nan ba a ba jariri nono, ba ruwa, ba rubutu, ba zuma. Abin da aka ɗura masa ba ya da wurin zuwa sai huhu, kuma yana iya kashe shi.

Maganinsa aikin fiɗa ne, a haɗa hanyar. A Amurka aka fara cin nasarar aikin a 1941, kuma jariri yana fin samun sa'a in ya isa da wuri, huhunsa da lafiya.

Eko ba ya ganin kowane mai wannan ciwo. Saboda haka duk jaririn da ke fitar da kumfa a baki, yana shaƙewa da nonon farko, leɓunansa suna yin baƙi, a dakatar da shayarwa. A lulluɓe shi da zane, a ɗaga kansa sama, a riƙa share masa kumfar, a kai shi gidan likita a ranar.