Akwatin Talabijin da Hirar Dare a Gidan Bahaushe

 

An ce in yi magana kan yadda muke kallon talabijin a gidajenmu da inda lokacin hutunmu yake tafiya. Zan fara da abin da idona ya gani. A unguwar da na tashi gida ɗaya ne ke da talabijin, baƙi-da-fari, cikin akwatin katako mai ƙofofi biyu da ɗan kwaɗo, makullin kuma yana aljihun maigida. Eriyar tana kan doguwar gora a bayan ɗaki. In hoto ya fara yayyafi, sai a tura yaro ɗaya ya juya gorar, yana waje yana kiran "ya kama?", mu kuma muna ciki muna "koma, koma, tsaya nan!" Manya kan kujera, mu a tabarma, wanda bai samu wuri ba ya maƙale a taga.

Akwatin nan bai daɗe da zuwa ƙasar nan ba. A 1959 aka buɗe tashar farko a Ibadan, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, sai a 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA. A Kano, gwamnatin Abubakar Rimi ce ta kafa CTV, wadda yau ake kira ARTV. Daga waɗannan tashoshi muka san Samanja, wato Usman Baba Pategi, da Ƙarƙuzu na Bodara, da Ƙasimu Yero.

Abin da nake so mu riƙe daga wancan zamani shi ne kallo yana da baki. Wajen ƙarfe huɗu na yamma ake buɗe tasha, tsakar dare a sa taken ƙasa a rufe. Wasan da kake ƙauna sau ɗaya yake zuwa a mako, in ya wuce ka sai dai ka ji a bakin abokai. Saboda haka kwana shida muna tauna abin da muka kalla cikin rabin awa. Akwatin na tara mu, ya ba mu abin hira, sannan ya sake mu. Ana zuwa dandali, 'yan mata na gaɗa a farin wata, kaka na samun masu sauraron tatsuniya bayan isha'i.

Bidiyo ne ya fara kwance wannan ƙulli. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, kaset ya shiga ɗakunan mata, ana kallo duk sa'ad da aka kawo wuta. Sai dish, sai finafinan Indiya masu fassara, sai Arewa24 a 2014 da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sai gidajen kallon ƙwallo da suka kwashe samari duk ƙarshen mako. Yanzu tashoshi da yawa ba sa rufewa, sola da janareta kuma sun rage mana uzurin ɗauke wuta.

A nan nake saɓa wa masu ɗora laifin duka kan mata, wai sun bar girki da tarbiyya sun tare gaban akwati. Wannan magana ba adalci a cikinta. Matar da ta yi shara, ta yi wanki, ta sauke tukunya biyu, ba ta leƙa ko ƙofar gida ba tun safe, wa zai hana ta awa guda ta huta? Maigidan da ke wannan ƙorafi, a majalisa ya ci nasa lokacin har goma na dare. Da yawa daga matan nan ta talabijin suke jin labarin rigakafi da awon ciki da karatun malamai a watan azumi.

Damuwata wani wuri take. Kwanakin baya na je gaida gwaggona, wadda ta rene ni, mace mai bakin tatsuniya, da in ta fara labarin Gizo da Ƙoƙi har maƙwabta ke shigowa. Na tarar da ita a falo da jikoki biyar. Talabijin na ta surutu ba mai kallonsa cikin yaran, kowane yaro ya duƙufa kan waya, biyu sun toshe kunne. Ita kaɗai ke fuskantar akwatin, ana wani shiri da harshen da ba ta ji, don ba ta iya canza tasha ba, ba kuma wanda ya ɗago ya lura. Na zauna kusan awa guda, in ban da gaisuwa ban ji wani ya ce mata uffan ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai har yau.

Da dai abu ɗaya suke kallo tare, ana dariya ana gardama, ana tambayarta ko haka ake yi a da, da ban zo da ƙorafi gabanku ba.

Ku ɗalibai da ke neman abin bincike, ga shi a tsakar gidanku. Yau da dare, daga magariba zuwa barci, ku zauna da takarda ku rubuta: minti nawa akwatin ya yi a kunne, mutum nawa ne suka kalli abu ɗaya tare, sau nawa wani ya juya ya yi wa tsohon gidan magana. Ku yi haka dare bakwai, ku kai wa malamanku, mu ga abin da za a samu.