FARGABAR GOBE: MU GANE ABIN DA KE DUKAN MU, MU RIƘE ABIN DA KE HANNUNMU

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa matashi ya gabatar a zaman matasa da aka yi a garin Fakuwa ta ƙaramar hukumar Kankiya, wanda 'yan'uwa daga Kusada da ƙauyukan kewaye suka halarta. Mun rubuto muku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S), da iyalan gidansa da sahabbansa managarta.

'Yan'uwa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da farko ina neman afuwar malamaina da yayyena da ke zaune a nan. Ni ba malami ba ne, iyakacina sakandare da Islamiyya. An dai ce in tashi in yi magana a kan abin da ke damun mu matasa, kuma na yarda ne saboda ciwon da za a yi magana a kansa ni ma na yi jinyarsa.

A daminar 2025 ni da wana muka ci bashi muka sayi taki, muka zuba wa masara. Allah ya ba da amfani, alhamdu lillahi. Amma da kaka ta yi muka kai kasuwa, sai muka tarar farashi ya faɗi warwas, har in ka sayar da buhun masara ba zai mayar maka da buhun takin da ka zuba ba. Wallahi 'yan'uwa na yi kusan wata guda ba na barcin kirki. In na kwanta sai lissafi, in na tashi sai lissafi. In ɗauki waya in duba labarai, wannan ya ce za a ƙara kuɗin mai, wancan ya ce an tare hanya an kwashe mutane, wani ya ce za a yi yaƙi. Gabana ya riƙa faɗuwa ba dalili. Mahaifiyata ce ta fara lura, ta ce, "Kai wai me ke cin ka ne, kullum sai ramewa kake?" Na san a cikinku akwai masu irin wannan hali, ko da ba su faɗa ba.

To, abin da na fahimta bayan wannan shi ne, wanda aka mara cikin duhu ya fi shan wahala bisa wanda aka mara da rana. Na rana ya ga hannun, ya san inda zai kauce. Na duhu kuwa ko iska ta kaɗa sai ya zabura. Yawancin fargabarmu irin ta mai duhu ce. Saboda haka bari mu ɗan kunna fitila mu ga hannun.

Mu fara da kan iyaka, tunda mu Katsinawa maƙwabtan Nijar ne, kuma kasuwancin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ya girmi ita kanta Nijeriya. A watan Agusta 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, aka ce don a hana shigo da shinkafa a ƙarfafa noman gida. Har aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe wasu iyakokin a Disamba 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilu 2022. Ba a gama farfaɗowa ba, sai sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar ran 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufewa, har wutar lantarki Nijeriya ta yanke masu. Sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS ɗin baki ɗaya. Duk wannan a Abuja da Yamai ake yanke shi, amma mai jin jiki shi ne direban da ke lodi, da mai dako, da mai kai dabbobi kasuwa.

Sannan ku tuna canjin kuɗi. An sanar da shi a Oktoba 2022, zuwa Fabrairu 2023 mutum na da kuɗinsa a banki amma ba ya iya sayen kwanon gero. Ran 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya hau mulki, a ranar ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a lissafin ita kanta gwamnati. Da kuka ya yi yawa, a Yuli 2024 aka ɗage haraji a kan shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Wannan na daga cikin abin da ya karya farashin hatsi. Mai saye ya ji sauƙi, mu kuma da muka noma da taki mai tsada muka kwana a ciki. Ka ga ke nan, jiya an rufe ƙofa an ce ka yi noma, yau an buɗe ta ba a gaya maka ba. Da na gane haka sai na daina zargin kaina cewa ni ne ban iya lissafi ba.

Kada ku ɗauka wannan sabon abu ne. Ku tambayi iyayenmu. A 1985 Babangida ya ce jama'a su yi muhawara a kan bashin IMF, jama'a suka ce ba su so. A 1986 sai aka kawo shirin SAP, wanda sharuɗɗansa kusan su ne dai na IMF ɗin. Kafin nan naira da dala kusan kunnen doki suke, cikin ɗan lokaci dala ɗaya ta koma wajen naira 4. A shekarar aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, ciki har da ta auduga. Masaƙar Kaduna da aka kafa a 1957 zamanin Sardauna, da sauran masaƙun Kaduna da Kano da ke shan audugar ƙasar Katsina, suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, yadin waje ya cika kasuwa. Yau matashi nawa ne a nan ya taɓa noma auduga?

To a nan ne maganar jami'a ta shigo, domin wani zai ce ina ruwan manomin Fakuwa da 'yancin malamin jami'a? Da ruwansa, 'yan'uwa. A wancan lokacin akwai malamai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da suka tsaya suna yi wa mutane bayanin inda wannan hanya za ta kai mu. Ɗaya daga cikinsu ɗan nan kusa da mu ne, Dakta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa, masanin tarihi, wanda a 1986 ya fitar da littafi sukutum yana adawa da tsarin IMF. Me ya faru? A Mayu 1986 'yan sanda suka harbe ɗalibai a jami'ar. Kwamitin Janar Abisoye da aka kafa ya ɗora laifi a kan malaman da ya ce suna koyar da abin da ba shi aka ɗauke su koyarwa ba. A 1988 aka kama Dakta Patrick Wilmot, ɗan asalin Jamaika da ya daɗe yana koyarwa a Zariya, aka sa shi jirgi aka fitar da shi daga ƙasar. A shekarar aka haramta ƙungiyar ASUU. A 1989 aka raba Bala Usman da aikinsa, sai kotu ce ta mayar da shi. A 1995 Abacha ya ɗauko soja, Janar Mamman Kontagora, ya ɗora shi kantoma a kan jami'ar. Wato an fara kashe fitila ne, sannan aka ci gaba da mari.

A zamaninmu kuma salon ya canza. A 2022 ASUU ta shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Abokanmu da ke karatu a Dutsin-Ma da Zariya da Kano suka dawo gida suka zauna, wasu har yau ba su koma ba. Malamin da ke neman abin da zai ci, yaushe zai zauna ya yi binciken da zai wayar mana da kai? Kuma kada ku ce wannan halin ƙasashenmu ne kawai. A Amurka, da ke bugun ƙirjin 'yancin faɗin albarkacin baki, a 2025 gwamnatin Trump ta riƙe kuɗaɗen binciken Jami'ar Harvard, aka kama ɗalibai irin su Mahmoud Khalil saboda zanga-zangar Gaza. A Afrilun shekarar kuma ya ƙaƙaba haraji a kan kayan ƙasashen duniya, har da Nijeriya. Mai mulki ko'ina yake ba ya son mai tambaya.

To yanzu mun ga hannun. Sai me? Nan ne ainihin maganata. Na ga hanyoyi uku da fargaba ke jefa matasa, duka ukun kuma ramuka ne. Na farko shaye-shaye. An haramta maganin tari mai kodin tun 2018, amma ƙwayoyi ba su bar unguwanninmu ba, kuma wanda ya sha don ya manta damuwa ɗaya, zai farka da guda biyu. Na biyu gudu, a sayar da gona ko babur a bi sahara zuwa Libiya ko Aljeriya ba takarda ba sana'a. Na uku fushin da ba shi da linzami. Ku tuna zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta 2024. Kukan gaskiya ne, amma su wa aka kwashe? Yaran talakawa. Duniya ta ga yadda aka kai ƙananan yara kotu a Abuja ran 1 ga Nuwamba 2024, wasu suna faɗuwa don yunwa, kafin daga baya a sake su. Waɗanda suka zuga su ta waya suna gida suna shan shayi.

Abin da ya fisshe ni, kuma nake ba ku shawara a kai, shi ne in raba damuwata gida biyu. Na ɗauki takarda na ja layi a tsakiya. A dama na rubuta abin da ba ya hannuna: farashin dala, kuɗin mai, buɗe iyaka ko rufe ta, wanda zai ci zaɓe. A hagu na rubuta abin da ke hannuna: in je in sami mai bashina mu yi magana, in rage abin da zan noma da taki in ƙara wake da gero, in tara takin gargajiya tun da rani, in koyi gyaran sola wajen wani abokina. Na dama na bar wa Allah, ina bin labarinsa don in gane, ban ɗauke shi na kwanta da shi ba. Na hagu kuma na tashi a kansa. Da na je wajen mai bashin, abin da na yi wata guda ina tsoro, cikin rabin sa'a muka gama, ya raba mani biya kashi uku.

Ku dubi ƙissar Annabi Yusuf (AS). Da aka san shekaru bakwai na fari suna tafe, ai ba zama aka yi ana kuka ba. An yi noma, an adana hatsi a zangarniyarsa, aka ci kaɗan aka ajiye saura. Tawakkali ke nan na gaskiya, ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Kakanninmu da suka gina rumbu sun fahimci wannan.

Saboda haka ga abubuwa huɗu da nake roƙon mu fara tun daga wannan mako. Na ɗaya, bayan sallar isha'i a ajiye waya. Labarin da ka karanta ƙarfe ɗayan dare ba abin da za ka iya yi a kansa sai hana kanka barci. Kuma duk labarin da ba ka san tushensa ba, kada ka tura wa wani, don fargaba ma yaɗuwa take kamar ƙyanda. Na biyu, mu kafa zaman karatu ko sau ɗaya a mako. 'Yan'uwanmu da suka je jami'a su zo su fassara mana abin da ake nufi da haraji da tallafi da bashin ƙasa, mu kuma mu gaya masu abin da muke gani a gona da kasuwa. In an kashe fitilar can, mu kunna tamu a nan. Na uku, mu yi adashi ko asusun hatsi, kowa ya kawo ko tiya ɗaya ce da kaka, don kada ɗan'uwa ya sayar da amfaninsa a wulaƙance saboda ciwon ɗa ko matsin bashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu, mu riƙa duba juna. In ka ga abokinka ya daina fitowa majalisa, ya daina cin abinci, yana maganar gara ya mutu, kada ka ce masa raunin imani ne, kada kuma ka yi masa dariya. Ka zauna da shi, ka saurare shi, ka sanar da iyayensa, a yi addu'a a kuma kai shi asibiti. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

'Yan'uwa, ban ce in mun yi waɗannan dala za ta sauko ba. Ban kuma ce mu yi shiru a kan zalunci ba. Mu faɗi gaskiya, mu tambayi waɗanda muka zaɓa, amma da ilimi da natsuwa, don mai firgici ba ya iya ƙwatar haƙƙinsa. Iyayenmu sun ga SAP, sun ga rikicin 12 ga Yuni 1993, sun ga mulkin Abacha, ga su nan zaune tare da mu, su kuwa masu mulkin wancan lokaci sun zama labari. Bashina ma saura kashi ɗaya in gama biya, kuma alhamdu lillahi ina barci.

Allah ya yaye mana ƙunci, ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a garuruwanmu da hanyoyinmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma nawa ne, malamai su gyara mani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuh.