Jawabi Kan Mura: Ba Kowace Ake Dafa Wa Citta Ba

Iyayenmu da 'yan'uwa mazauna Kafanchan, da hunturu ya kama, kowane gida sai tari da atishawa. Mu kuwa da an ce mura, sai a ce a dafa citta, tunda ga ta nan a wadace daga Kachiya da Kwoi. To, a dakata tukuna.

Masu maganin gargajiya na ƙasar Sin sun kasa mura gida biyu. Akwai ta sanyi: mutum na rawar ɗari, jiki na ciwo, majina tsararo kamar ruwa. Ita ake dafa wa citta da kirfa, a sha da ɗumi, a lulluɓa har gumi ya karyo. Likitansu Zhang Zhongjing ya rubuta wannan tun wajen shekara ta 200. Akwai kuma ta zafi: maƙogwaro na raɗaɗi, ga ƙishirwa, majina ta yi kauri, ruwan ɗorawa. Wannan ba sa ba ta kayan yaji, sai mai sanyaya jiki irin na'a-na'a.

Ko wacce ce dai, likitocin asibiti sun ce kafso ba ya kashe mura, hutu da shan ruwa take so, cikin kwana 7 zuwa 10 ta wuce. Amma iyaye mata, in yaro na numfashi sama-sama, haƙarƙari na lotsawa, a garzaya asibiti. Tarin da ya wuce mako 2, a je a gwada majina. Jaririn da bai shekara ba kuwa, kada a ba shi zuma.

Allah ya ba mu lafiya, amin.