Tsaron Gida Aikin Kowa Ne: Jawabi Ga Malaman Wasanni



Dukkanmu mun san yadda ɗalibanmu ke buga tamaula. Kowa na bin ƙwallo kamar kaji sun ga tsaba, a bar wanda ake ganin bai iya ba shi kaɗai a baya. In aka zura musu ƙwallo, shi za a ɗora wa laifi, har wasan ya fita daga ransa. Gyaran wannan yana wuyanmu.

Mu fara da rage fili. A haɗa yara huɗu da huɗu a wuri mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20, a shata iyaka da takalma ko robobin ruwa. Aji mai yara 40 zai ba da filaye biyar, babu mai zaman kallo, babu kuma mai fakewa bayan wani.

Ayyuka uku za mu koyar. Wanda ya fi kusa da mai ƙwallo ya tare shi, gwiwa a lanƙwashe, ya jinkirta shi, ya karkata shi zuwa gefen layi ba tare da gaggawar kai ƙafa ba. Na biyu ya tsaya bayansa a karkace, taku kaɗan, domin in an wuce na farko a tarar da shi. Sauran su matso tsakiya, su tsaya tsakanin abokan karawa da raga. Da ƙwallo ta sauya wuri, sai ayyukan su sauya hannu. A saba musu da magana: “Nawa ne!”, “Ina bayanka!”

A bi abin daki-daki: ɗaya da ɗaya, biyu da biyu, sannan huɗu da huɗu. A ba da maki ga ɓangaren da ya yi minti biyu ba a ci shi ba. A hana zamiya da ƙafa, domin filayenmu tsandauri ne.

Kada malami ya ce bai taɓa zama ɗan wasa ba. Arrigo Sacchi bai buga ƙwallo a matakin ƙwararru ba, amma ya kai AC Milan ta Italiya ga lashe Kofin Turai a 1989 da 1990. A atisaye yakan sa mutum biyar masu tsari su tare goma marasa tsari, don ya nuna wa taurarinsa cewa tsari ya fi yawa amfani.

Roƙonmu ga shugabannin makarantu shi ne kada a riƙa cinye lokacin motsa jiki da wasu darussa, a kuma samar da ƙwallaye. Iyaye kuwa, ku yaba wa yaron da ya hana a ci kamar yadda kuke yaba wa wanda ya ci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mu 'yan ƙungiya mun fi kowa sanin haka.

Allah ya yi wa yaranmu albarka.