Jawabi ga Jama'ar Fadaman Mada, Bauchi, kan Cutar Riƙe Ruwa a Jiki

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu mai sakin sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Idan sinadarin nan ya yi yawa, sai fitsari ya ragu, ruwa ya surka jini, gishirinsa ya yi ƙasa. Sanƙarau da tarin fuka sukan jawo haka. Alamun cutar su ne ciwon kai, tashin zuciya, ruɗewa da jijjiga, galibi kuwa ba kumburi.

Saboda haka kada a ce iskoki ne, kada a ɗura wa majiyyaci ruwa ko jiƙo. A gaggauta kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a auna jininsa. Likita ne zai ƙayyade ruwan da zai sha. Allah ya ƙara lafiya, amin.