Baƙin Allon Kwamfuta Ba Dodo Ba Ne

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, a Nasarawa GRA, Kano

Da sakatare ya ce in yi magana a kan sana'ata ta rubuta manhajar kwamfuta, sai na ga gara in ɗauki abu guda wanda yaranmu ke gudu, wato baƙin allon nan da ba shi da hoto, sai rubutu kawai.

Masu sana'ar suna kiran shirin da ke bayan allon da suna shel. Aikinsa irin na ɗan aike ne: ka rubuta masa umarni, ya kai wa kwamfuta, ya dawo maka da amsa. Idan ka rubuta ls zai jero maka fayilolin da ke wurin, cp ya kwafa, mv ya sauya wa fayil wuri ko suna, rm kuma ya goge. To, idan ka tara umarnin nan a fayil ɗaya, layi bayan layi, ka sa kwamfuta ta bi su da kanta, ka rubuta abin da ake kira sikirif ke nan.

Abin ba sabo ba ne. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara tsarin Unix a Bell Labs da ke Amurka. A 1979 shel ɗin Stephen Bourne ya fito, sannan a 1989 Brian Fox ya fitar da Bash, wanda har yau shi ne mafi yawan masu Linux ke buɗewa. Linux ɗin kansa wani ɗalibi ne a Finland, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991. Wayar Android da ke aljihunku a kansa aka gina ta.

Ga ɗan misalin amfaninsa. A ce sunayenmu duka suna cikin fayil ɗaya, kowa da garin da yake zaune, shugaba yana son sanin mutum nawa ne ke Zariya. Sai in rubuta:

grep Zariya sunaye.txt | wc -l

Na farko ya tsamo layukan da ke da Zariya, sandar tsakiya ta miƙa su ga na biyu, shi kuma ya ƙirga. Kafin ka ɗaga kofin shayi an gama.

Amma jama'a, ɗan aiken nan ba ya tambaya. A farkon aikina, a wani ofis nan cikin Nasarawa, na so in goge tsofaffin kwafi masu ƙarewa da .bak. Maimakon rm *.bak sai yatsana ya saka tazara ɗaya tsakanin tauraro da ɗigo. Ma'anar ta koma: goge komai. Lissafin albashin wata guda ya tafi, ga ma'aikata suna jira. Kwana uku na yi ina sake bugawa daga takardu, ban faɗa wa ko maiɗakina dalilin ramata ba. Ashe abin ya taɓa cin manya: a 1998 irin wannan umarni ya goge mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, sai kwafin da wata ma'aikaciya mai jego ta ajiye a gida ne ya cece su. Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce. Haka rm yake.

Daga ranar na ɗauki ƙa'ida uku. Ba na gwada sabon sikirif sai a kan kwafi. Kafin in goge abu, sai in sa echo a gaban umarnin, ya nuna mini abin da zai taɓa tukuna. Na uku, na rubuta sikirif mai layi biyar da cron ke tayarwa kowace yamma, yana kwafe aikin ranar zuwa wata na'ura. A nan ne na tuna malaminmu na Lissafi, wanda ke hana maki idan ka kawo amsa ba ka nuna matakan aiki ba. Malam, a lokacin mun yi gunaguni, yau da wannan horon nake ci.

Roƙona shi ne wannan. A watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta ga kowa, don haka ofisoshi da dama na jingine kwamfutocin da lafiyarsu ƙalau. Linux kyauta ne, kuma shel ba ya buƙatar sabuwar na'ura ko intanet. Duk wanda ke da irin wannan kwamfuta, ya miƙa wa sakatare don makarantarmu. Ni kuma na ɗauki alkawarin sa'a biyu kowace Asabar ina koya wa 'yan aji huɗu da biyar, domin su yi kuskurensu a aji, inda ba albashin kowa a ciki.

Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa waɗanda ke raye da alheri.