Numfashi Baiwar Allah Ne

Yau za mu yi magana a kan iskar da muke shaƙa.

Littafin Farawa ya koya mana cewa mutum ƙasa ne kawai, sai da Allah ya hura masa numfashi ya zama rayayye. Mutum yana iya kwana biyu bai ci ba, amma ba ya iya minti goma bai yi numfashi ba. Duk da haka, wace baiwa ce muke wasa da ita kamar wannan?

Akwai ƙurar da ba mu da iko a kanta. Kowace shekara hunturu yana kawo mana hazo daga hamada, mai yawansa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi. Yana busar da hanci da maƙogwaro, ta haka ƙwayar sanƙarau take samun ƙofa. Manyanmu ba su manta da shekarar 1996 ba, sa'ad da wannan cuta ta kashe mutane fiye da 11,000 a Nijeriya. Hazo ba aikinmu ba ne, amma kai yara rigakafi aikinmu ne.

Akwai kuma hayaƙin da mu da kanmu muke tayarwa. Ku dubi uwargida a gaban murhu, a ɗakin da ba taga, tana hura ɗanyen itace ko kara, jariri yana goye a bayanta. Idonta yana hawaye, mu ce ai haka girki yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya jawo mutuwar mutane wajen miliyan 3.2, cikinsu har da yara ƙanana masu yawa da ciwon huhu ya ɗauke. Haka kuma kaskon gawayi a rufaffen ɗaki daren sanyi, ko janareta a bakin taga: suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Takan sa barci, mai barcin kuwa ba lalle ya farka ba.

To, me za mu yi? Maigida, ka buɗe taga a ɗakin girki, ko ka yi wa matarka rumfa a tsakar gida. Uwargida, ki shanya itace ya bushe, ki sauke jariri nesa da murhu. A fitar da garwashi kafin a rufe ƙofa. Kada a hura wuta da leda, kada a ƙona taya. Manomi, karan da kake cinna wa wuta bayan kaka abincin dabba ne, takin gonarka ne kuma. Zumuntar mata, ku koya wa juna gina murhun laka mai cin itace kaɗan.

An umurce mu mu ƙaunaci maƙwabci. Hayaƙin jujinka ba ya tsayawa a dangarka. Ɗan maƙwabcinka ne yake kwana tari.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka ba mu numfashi. Ka ba mu hikima mu kiyaye shi, domin 'ya'yanmu da maƙwabtanmu. Amin.